Muhawara: Tunda yaren ya riga ya san matakin shiga (wa aka yarda ya taɓa wane sashe na kod), me ya sa zan sake rubuta `private`?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A yi mini afuwa in tambayar ta yi ƙanƙanta. C# nake rubutawa, kuma abin da na koya shi ne duk memba na `class` da ba a sa wa komai ba `private` ne, shi kuma `class` ɗin da ke waje `internal` ne. To amma wanda ke duba kod ɗina kullum sai ya dawo mini da shi, wai in rubuta `private` a gaban kowane abu. Na ce masa ai kwamfaila (manhajar da ke fassara kod zuwa abin da na'ura ke gudanarwa) ta sani, ya ce ba don kwamfaila yake faɗa ba. Shin wannan ƙa'ida ce, ko son ransa ne? Yaushe ake rubutawa, yaushe ake bari?

Tsohon Injiniya:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Tambayar ba ƙarama ba ce, manya ma sun sha ɗaga jijiyoyin wuya a kanta.

Mutuminka yana da gaskiya. Kwamfaila ba ta mantuwa, mu ne muke yi. Duba yadda abin yake a warwatse. A C# in ka yi shiru a kan memba, an rufe shi. A Kotlin in ka yi shiru, an buɗe shi ga kowa. A Java shiru na nufin duk wanda ke cikin fakej ɗaya da kai zai iya taɓawa. A Swift duk wanda ke cikin mojul ɗaya. A TypeScript da PHP da Scala a buɗe yake. A C++ kuwa sai ka koma sama ka ga ko `class` aka rubuta ko `struct`. Yanzu mutum ɗaya yakan taɓa yare biyu ko uku kafin azahar. Ya buɗe fayil ɗinka, ya ga layi babu komai a gabansa, dole ya tsaya ya tuna a wane yare yake. Kalma ɗaya ce za ta ɗauke masa wannan tsayuwar, ka rubuta ta kawai.

Gajere Ya Fi:
Ranka ya daɗe, da girmamawa ban yarda ba. Wanda bai san matakin asali na yaren da yake aiki da shi ba, matsalarsa ta fi ƙarfin kalma ɗaya. Kuma akwai asarar da ba a lissafawa. In kowane layi ya fara da `private`, `private`, `private`, ido yakan saba, ya daina karanta farkon layi gaba ɗaya. Ranar da `public` ya shigo inda bai kamata ba, sai ya wuce ba a gani ba. In kuwa an bar na asali a shiru, duk `public` da ya bayyana zai fito fili, mai bita ya tambaya me ya kawo shi. Shiru ma magana ce.

Malama Java:
Magana ce, amma wacce? Abin da ke damuna ke nan. In na ga metod a Java babu komai a gabansa, abu biyu ne: ko marubucin ya zauna ya yanke cewa na fakej ne, ko kuma ya manta. A fuskar kod ba su da bambanci ko kaɗan. Mu namu ma ya fi naku ciwo, don Java ba ta ba mu kalmar da za mu rubuta ba. Akwai `public`, akwai `protected`, akwai `private`, na huɗun ba shi da suna a cikin kod. Shi ya sa za ka ga mutane suna sa `/* package */` a gaban metod, ko `@VisibleForTesting` na laburaren Guava in don gwaji aka sassauta shi. PMD, manhajar duba kod, har tana da doka a kan haka, `CommentDefaultAccessModifier`, da ke neman a bar ɗan sharhi duk inda aka yi shiru. Mutanen da yarensu bai ba su kalma ba suna ƙirƙirar ta da sharhi, ku da aka ba ku kuna neman hanyar gudu.

Sabon Hannu:
Malama, ba akwai `default` a Java ba? Na taɓa ganinsa a gaban metod.

Malama Java:
Wannan wani abu ne daban ƙanena. Ya zo da Java 8 a 2014, kuma aikinsa bai wa metod na `interface` jiki ne. Metod mai `default` ma `public` ne. Babu ruwansa da matakin shiga.

Gajere Ya Fi:
To Malama, tunda kin kawo `interface`, ki faɗa musu gaskiya. Kundin ƙa'idojin Java kansa ya ce rubuta `public` a gaban metod na `interface` ya halatta amma ba a so. Manhajar duba salon kod ta Checkstyle na da `RedundantModifier` da ke kama shi. Ke nan ko a gidanku ba ko'ina ake rubutawa ba.

Malama Java:
Ban ce ko'ina ba. A `interface` shiru ba ya ɗauke da shakka, domin babu matakin fakej a wurin da za a ce ko shi ake nufi. Tun Java 9 ana iya sa `private` a metod na `interface`, amma wannan dole a rubuta shi. Haka maginin (constructor) `enum`, ba zai taɓa zama na kowa ba, rubuta masa `private` ɓata tawada ne. Inda zaɓi ɗaya ne tak, ban ga amfanin faɗa ba. Inda zaɓi huɗu ne kuma shiru ɗaya ne daga cikinsu, nan nake son jin bakin marubuci.

Wani abin da ke rikita masu zuwa daga C#: a Java `protected` ya fi shiru faɗi, ba ƙunci ba. Ya haɗa da 'yan fakej duka, sannan ya ƙara da magada na waje.

Mai Gadi:
Salamu alaikum jama'a. Ku bar ni in shigo da ɓangaren tsaro, don na ga ana ɗaukar abin kamar batun ado ne.

A Solidity, yaren rubuta kwangilolin Ethereum, kafin sigar 0.5.0, fankishin ɗin da ba a sa wa mataki ba `public` ne. A Yulin 2017 aka kwashe sama da ether (kuɗin Ethereum) 150,000 daga walat ɗin kamfanin Parity masu buƙatar sa hannun mutane da yawa. Yadda aka yi: fankishin ɗin da ke kafa masu walat, `initWallet`, da waɗanda yake kira, ba a rubuta musu mataki ba, kuma babu abin da ke hana a sake kiransu bayan an gama kafawa. Ɓarawon bai fasa wani lissafin sirri ba. Kiran fankishin ɗin ya yi, ya naɗa kansa mai walat, ya tura kuɗin. Da sigar 0.5.0 ta fito a 2018, sai aka cire zaɓin shiru ɗungurungum, in ba ka rubuta mataki a fankishin ba kod ɗinka ba zai haɗu ba.

Android ma ta bi wannan hanya. Da can `android:exported`, wanda ke faɗin ko wasu manhajoji za su iya kiran sashen manhajarka, in ba a rubuta ba, ƙimarsa na canjawa ne gwargwadon ko akwai `intent-filter` ko babu. Ka ƙara layi ɗaya a wani wuri, sai sashen manhajarka ya buɗe ga sauran manhajojin da ke wayar, ba tare da ka taɓa kalmar ba. Daga Android 12, manhajar da ta nufi API 31 dole ta rubuta shi a fili a irin waɗannan sassa, in ba haka ba ko girkuwa ba za ta yi ba.

Gajere Ya Fi:
Oga Mai Gadi, misalanka biyu duka ni suke goya wa baya. A dukkansu matsalar ita ce na asalin a buɗe yake. Wannan laifin masu tsara yaren ne. Tambayar yaron nan kuwa a kan C# take, inda shiru ke nufin rufewa. In ya manta, mafi munin abin da zai faru shi ne kwamfaila ta ƙi shi a wani fayil, ya dawo ya buɗe da hannunsa. Babu wanda aka taɓa yi wa sata don ya manta rubuta `private` a C#.

Kuma ko a batun Parity, da dokar tilas ta riga ta zo, me zai hana mutum ya rubuta `public` don kwamfaila ta ƙyale shi? Gyaran da aka yi ma bai tsaya a kan mataki ba, sai da aka ƙara binciken ko an riga an kafa walat ɗin.

Mai Gadi:
Zai iya rubutawa, babu musu. Amma mai bita da ya ga `public` ƙuru-ƙuru a gaban fankishin ɗin da ke naɗa masu kuɗi, gabansa zai faɗi. Abin da ba a rubuta ba kuwa ba ya jan ido. Mutum yana bitar abin da ke kan allo ne, ba ya bitar gurbi.

Sai dai na karɓi rabin maganarka. Haɗarin ba ɗaya ba ne. Inda mantuwa ke rufewa, batun sauƙin karatu ne, ku yi ta ja-in-ja. Inda mantuwa ke buɗewa, ba na sasantawa.

Tsohon Injiniya:
Madalla, yanzu muka zo wurin. Amma ina so in ƙara wani abu, don ba tsaro kaɗai ke sa buɗewa ta yi tsada ba. Duk abin da ka saki a laburare a matsayin `public` ya zama alkawari. Wani zai gina a kansa, kai ba ka san shi ba, ba za ka taɓa ganin kod ɗinsa ba. Ranar da ka so rufewa, ka karya masa aiki. Buɗe abin da ke rufe kuwa ba ya ɓata wa kowa. Don haka hanyar ɗaya ce mai sauƙi, ɗayar sai da sabuwar babbar siga da dogon bayani.

Mutanen Kotlin sun fahimci wannan sarai. Sun zaɓi `public` a matsayin na asali, kuma a kod na manhaja editan IntelliJ ma yakan nuna maka cewa `public` ɗin da ka rubuta ƙari ne. Amma a Kotlin 1.4, shekarar 2020, suka kawo yanayi na musamman don masu rubuta laburare. Ka sa `explicitApi()` a Gradle, kayan haɗa aikin, kwamfaila za ta ƙi duk abin da zai fita waje ba tare da an rubuta matakinsa da nau'in abin da yake mayarwa ba. Akwai `explicitApiWarning()` ga mai son gargaɗi kawai. Kod ɗin gwaji kuma ba ta taɓa shi. Yare ɗaya, kamfani ɗaya, amsa biyu, ya danganta da waye zai dogara da kod ɗin.

'Yar Swift:
Yallabai ka faɗi abin da nake shirin rubutawa. Ni a Swift ba na rubuta `internal` a cikin manhaja, kuma ban ga mutane da yawa suna yi ba. SwiftLint, mai duba salon kod ɗin Swift, na da dokar `explicit_acl` da ke tilasta rubuta mataki, amma a kashe take sai ka kunna da kanka. Manhaja mojul ɗaya ce galibi, `internal` a kowane layi ba ya gaya wa kowa komai.

Inda nake rubutawa shi ne cikin nau'in da yake `public`. Nan tarkon yake. Ka sa `public struct`, kana zaton membobinsa sun bi shi, alhali suna nan `internal`. Har maginin da Swift ke ƙera maka kyauta daga filayen `struct` ɗin ba ya fita waje, sai ka rubuta naka `public init`. To a irin wannan nau'i, in ina da metod da na bari a ciki da gangan a tsakiyar 'yan'uwansa masu `public`, sai in rubuta masa `internal`. In ban rubuta ba, wani mai kyakkyawar niyya zai zo ya ɗauka mantuwa ce, ya "gyara" mini.

Abin da na tsana kuwa shi ne `public extension`. Shi yana juya na asalin ne a cikin bakansa, duk abin da ke ciki ya zama `public` ba tare da an rubuta ba. In fayil ya yi tsawo, kana layi na ɗari biyu, kan `extension` ɗin ya ɓace a sama, ka ƙara ɗan metod na taimako, ka sake shi ga duniya ba ka sani ba. Jagorar salon Swift ta Google ta hana sa mataki a kan `extension`, ta ce a sa a kan kowane memba. A nan ina tare da su ɗari bisa ɗari.

Sabon Hannu:
Yaya, ke nan ko a yare ɗaya ma na asalin yana iya canjawa?

'Yar Swift:
Sosai. Ko a naka C# ɗin. `class` a waje `internal` ne, amma ka ɗauke shi ka sa cikin wani `class`, ya koma `private`, kuma harafi ɗaya bai canja a layinsa ba. Memba na `interface` kuma `public` ne. Shiru iri ɗaya, ma'ana uku.

Na C++:
Ku zo ku ga namu. `class B : A` gado ne na `private`, `struct B : A` gado ne na `public`. Ban san wani mai hankali da ke barin wannan a shiru ba, kowa `: public A` yake rubutawa. Wanda ya manta sai ya yi ta mamakin me ya sa ba a karɓar `B` inda ake neman `A`. Ga kuma C, inda fankishin ke bayyana ga sauran fayiloli sai in ka sa masa `static`.

Mai Go:
Ni dai ina gefe ina kallo. Babban harafi a farko, an fitar. Ƙaramin harafi, yana gida. Babu na asali balle a yi gardamar rubuta shi 😄

Malama Java:
Malam Mai Go, a yi dariya a hankali. Ku ne in za ku buɗe abu ɗaya sai kun canja masa suna a duk inda aka kira shi. Kuma sabon shiga nawa ne ya rubuta filin `struct` da ƙaramin harafi, `encoding/json` ya tsallake shi shiru, ya kwana yana neman inda bayanansa suka shiga?

Mai Go:
Wannan kam ana yi. Amma aƙalla a wurin kira ma kana ganin matakin, ba sai ka je inda aka ayyana ba.

Gajere Ya Fi:
Bari in dawo, don na ga an fara yi mini taron dangi. Rust fa? Komai a rufe yake sai ka ce `pub`. Akwai `pub(self)`, wanda daidai yake da shiru, kuma kusan ba za ka gan shi a kod na gaske ba. Babu mai cewa kod ɗin Rust na da wuyar karantawa saboda haka. Jagorar TypeScript ta Google ma cewa ta yi kada a rubuta `public`, duk da cewa can na asalin a buɗe yake. Waɗannan ba yara ba ne.

'Yar Swift:
Amma ka faɗi togaciyar da suka yi. A TypeScript in ka rubuta `constructor(public suna: string)`, wannan `public` ɗin ba ƙari ba ne, shi ke ƙirƙirar filin. Ka goge shi da sunan tsafta, filin ya tafi. Ita kanta dokar `explicit-member-accessibility` ta typescript-eslint tana da zaɓin `explicit` da na `no-public`, wato masu kayan ma sun bar wa kowace tawaga ta zaɓa.

Tsohon Injiniya:
Rust ta dace da hujjarka ne saboda shirunta kusan ma'ana ɗaya gare shi, kuma ita ce mafi ƙunci. Ko can ɗin ma matsalar ta koma wani gefe ne: mutane na watsa `pub` a kan abin da `pub(crate)` ya ishe shi, har aka yi dokar `unreachable_pub` don kama su. A ɗaya ɓangaren ga PHP, inda ƙa'idar salo ta PSR-12 ta ce wajibi ne a rubuta mataki a kan kowane metod da kowane fili. Su na asalinsu a buɗe yake, sai suka rufe ƙofar gardama da doka.

Hajiya Mai Bita:
Na karanta daga sama har ƙasa. Ni abin da ya dame ni daban ne: me ya sa ɗan Adam ne ke mayar wa yaron nan da kod a kan wannan? Aikin na'ura ne. Lokacin bita yana da tsada, a kashe shi a kan ko lissafin daidai ne, ko sunan ya dace, ko wannan metod ɗin ma ya cancanci fita waje. A C# akwai dokar salo `IDE0040`, ana saita shi a `.editorconfig` da `dotnet_style_require_accessibility_modifiers`. Kuna iya cewa `always`, ko `for_non_interface_members`, ko kuma `omit_if_default` in ra'ayin Malam Gajere ya yi rinjaye. Masu StyleCop suna da `SA1400`. Ku zauna sau ɗaya, ku zaɓa, ku rubuta a fayil, edita ya riƙa gyarawa da kansa.

Mafi muni shi ne gauraye. In rabin fayil na rubuta `private` rabi ba ya yi, to hujjar kowa ta rushe. Mai karatu zai ɗauka akwai dalilin bambancin, ya ɓata lokaci yana nema, alhali mutum biyu ne suka rubuta a ranaku daban-daban.

Gajere Ya Fi:
Hajiya a nan ba ni da ja. In na shiga tawagar da ke rubutawa, zan rubuta, ina gunaguni a raina. Amma in ni ke kafa sabon aiki a C#, `omit_if_default` zan sa.

Mai Gadi:
In kuma laburare ne da za ka saki?

Gajere Ya Fi:
A C# har yanzu haka, tunda babu abin da zai fita sai na rubuta `public` da hannuna. A Kotlin zan kunna `explicitApi()`. Ban taɓa cewa a bar abu ya fita waje a shiru ba.

Malama Java:
Ni kuma ko a C# ɗin zan rubuta, saboda abin da 'yar'uwa ta faɗa na `class` a cikin `class`. Kod na yawo. Ana yanko shi daga nan a liƙa can, kuma kalmar da aka rubuta tana tafiya da shi, wadda ba a rubuta ba tana ɗaukar ma'anar sabon wurin.

Na C++:
Hajiya, tambaya a kan abin da kika ce. In muka kunna irin wannan doka a tsohon aiki mai ɗaruruwan fayiloli, gyaran zai taɓa kusan kowane layi na ayyanawa. `git blame`, mai nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, zai koma nuna sunan mutum ɗaya a ko'ina. Yaya kuke yi da wannan?

Hajiya Mai Bita:
Ku yi gyaran a kwamit guda shi kaɗai, kada a haɗa shi da wani canji ko na harafi ɗaya. Sai ku sa lambar kwamit ɗin a fayil mai suna `.git-blame-ignore-revs`. Git tun sigar 2.23 yana da `--ignore-revs-file`, kuma ana iya saita `blame.ignoreRevsFile` don kada a riƙa rubutawa kullum. GitHub ma yana karanta fayil mai wannan suna in yana tushen ma'ajiyar. Ku dai sanar da masu rassa a buɗe kafin ku yi, su haɗe nasu tukuna, in ba haka ba za su sha fama da karo wajen haɗewa.

Na C++:
To mu da matakinmu lakabi ne a kan rukuni, `public:` da `private:`, ba a kan kowane layi ba, ina ga namu gyaran ba zai kai haka yawa ba. Bari in duba ko clang-tidy, mai duba kod ɗin C++, na da abin da zai kama gadon da ba a rubuta wa mataki ba, in na samu zan liƙo a nan.